Fentin Santsi a Jikin Ƙarfe: Tambayoyi da Amsoshi ga Makanikai da Masu Kula da Injuna

Tambayoyin nan su ne suke ta maimaituwa a bakin masu gyaran injunan masana'antu, da masu sayo kayan gyara, da makanikan da suka ci karo da shuɗin bolti ko fistan mai baƙin shafi suka rasa gane kansa. An sa musu lamba domin wasu amsoshin suna jingine da wasu.

1. Mene ne fentin santsi, kuma me ya raba shi da giris?

Wani siririn shafi ne da ake fesa wa ƙarfe, ya bushe ƙayau, ya manne, ya riƙa rage gogayya tsakanin ƙarfe da ƙarfe ba tare da ɗigon mai ba. Abubuwa uku ne a cikin gwangwaninsa: garin da ke kawo santsin, da ƙaron da ke riƙe garin a jikin ƙarfe, da ruwan da ke tsinka su don a iya fesawa. Ruwan yana tashi, sauran biyun su zauna. In ka taɓa shi da hannu ba za ka ji danƙo ko maiƙo ba.

Babban bambancinsa da giris a nan yake: giris idan nauyi ya matse shi ya fita gefe, yana iya dawowa, kuma kana iya ƙara wani. Fentin santsi abin da aka shafa shi ke nan. Kullum ƙarfen ya motsa yana cin kaɗan daga ciki, ranar da ya ƙare kuma ƙarfe ya haɗu da ɗan'uwansa tsirara. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa daga wannan suka samo tushe.

2. Wane gari ne yake kawo santsin?

Uku ne suka mamaye kasuwa. Na farko moli, wanda ake rubutawa MoS2, haɗin molibdinam da farar wuta, ana samun sa daga wani dutse mai launin toka da sheƙi. Na biyu girafait, wato abin da ke cikin bakin fensir, shi ya sa ake goga fensir a jikin makulli idan kwaɗo ya cije. Na uku PTFE, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Teflon, robar da Roy Plunkett ya gano bisa tsautsayi a kamfanin DuPont na Amurka a 1938. Akwai kuma WS2, ɗan'uwan moli da ake yi da tangistin, da wani farin gari na boron da ake kai wa inda zafi ya wuce misali, kamar wurin narka alminiyam.

Moli da girafait falle-falle suke idan aka duba su da madubin ƙara girma. Ka ɗauki bandir na sababbin takardun kuɗi: ko ka taka shi ba zai lotsa ba, amma da ka ture shi ta gefe sai takardun su zame a kan juna. Haka suke ɗaukar nauyi daga sama, su sulale ta gefe. PTFE kuwa ba falle gare shi ba, jikinsa ne kawai ba ya son manne wa komai.

3. A ina ya fi mai da giris?

Inda ƙura take, da farko. Duk wanda ya yi aiki a masana'antar siminti, ko wurin casar shinkafa, ko ma a buɗaɗɗen fili lokacin hunturu, ya san yadda giris yake tara ƙura ya koma wani baƙin kwaɓi da yake cin ƙarfen da aka sa shi ya kare. Busasshen shafi ba ya kama ƙura.

Sai wuraren da hannu ba ya kaiwa bayan an haɗa inji, kamar cikin makullin ƙofar mota da na'urar bel ɗin kujera. Sai kayan da suke daɗewa ba su motsa ba amma dole su motsa ranar da aka neme su, irin bawul ɗin da sai an yi gobara ake juya shi, don mai yana tsiyayewa, giris yana daskarewa. Sai inda ɗigon mai ɓarna ne, kamar masaƙa ko wurin ƙunshe kaya. Sai nauyi mai yawa da tafiya a hankali, inda mai ba ya samun damar shiga tsakani. Moli ya fi kowa ƙwarewa a wannan.

4. A ina ne bai dace ba?

Boris mai gudu, da cikin giyabos, da duk inda ake juyawa da sauri ba tsayawa. Mai ba santsi kaɗai yake bayarwa a irin waɗannan wurare ba: yana kwashe zafi, yana wanke garin ƙarfe ya kai shi matata. Busasshen shafi ba ya yin ko ɗaya. Haka nan ba ya cike ramin da ƙarfe ya riga ya ci. Shaf ɗin da ya zaizaye ya soma girgiza a cikin bushin, ko an fesa masa gwangwani guda zai ci gaba da girgiza.

A kula kuma da wurin da ake son lantarki ya wuce. Ƙaron da ke cikin yawancinsu ba ya barin wuta ta bi, saboda haka ba a shafa shi a inda za a ɗaura wayar ƙasa.

5. Moli da girafait duk baƙaƙe ne. Ba abu ɗaya suke yi ba?

A ido ne kawai suka yi kama. Girafait sai da ɗan laima a iska yake santsi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka ga haka ƙarara, da jiragen sama suka fara tashi can ƙololuwa inda iska ta bushe, sai gawayin girafait na janaretocinsu ya riƙa cinyewa cikin ƙanƙanin lokaci. Moli kuwa akasin haka ne: a bushe ya fi santsi, laima tana rage masa ƙarfi, shi ya sa ya zama na hannun daman masu ƙera kumbon sama jannati.

Akwai wata illa ta girafait da ba kowa ya sani ba. Idan ya zauna a jikin alminiyam aka sami ruwa, musamman mai gishiri, sai su zama tamkar batir, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa. Don haka ƙa'idar sojin Amurka mai lamba MIL-PRF-46010 ta hana sa girafait a cikin irin shafin da ta amince da shi. In kayanka na alminiyam ne, karanta jikin gwangwani kafin ka fesa.

6. Zafi nawa yake iya ɗauka?

A ma'aunin Salshiyas, PTFE yana aiki lafiya har digiri 260, yana narkewa a 327. Moli a cikin iska yana fara ƙonewa daga wajen 350 zuwa 400, ya rikiɗe ya zama wani gari da ba shi da santsi. Girafait yana kai wa wajen 450. Amma waɗannan lambobi na garin ne kaɗai. Sau da yawa ƙaron ne yake fara sarewa, domin yawancin ƙaro na roba ba sa wuce 200 zuwa 260. In aikin ya fi haka zafi, ana neman wanda aka haɗa da ƙaro na silika. Lambar da za ka yi aiki da ita ita ce ta takardar bayanin kayan gaba ɗaya, ba ta garin da ke ciki ba.

7. Yana hana tsatsa?

Wani yana hanawa, wani ba ya hanawa, wani ma yana jawo ta. Moli tsantsa idan ya haɗu da laima da zafi yana sakin ɗan asid da ke cin ƙarfe, shi ya sa nagarin shafi yake zuwa da maganin tsatsa a gauraye. Masu PTFE da ake yi wa boltocin bututun mai da gas, irin mai tambarin Xylan, an tsara su ne musamman don su jure iskar teku, kuma yawanci akwai wani shafin a ƙarƙashinsu, na fosfet ko na zinki. Kaso mai yawa na kariyar daga wannan na ƙasan yake fitowa (duba tambaya ta 9).

Launi ba shaida ba ne. Shuɗi, ja, kore, duk rini ne da aka zuba don a rarrabe kaya. Bolti mai shuɗin fenti na gama-gari da bolti mai shuɗin PTFE ba sa bambanta daga nesa a kan teburin ɗan kasuwa.

8. Kaurin nawa ake so? In na ƙara kauri ba zai fi daɗewa ba?

Da maikiron ake auna shi, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Shafin moli da ake gasawa a tanda yawanci tsakanin maikiron 8 zuwa 13 ake so. Na PTFE a jikin bolti yakan kai 20 zuwa 30. WS2 da ake harbawa a jikin ƙarfe ba tare da ƙaro ba, kimanin rabin maikiron ne kacal.

Ƙara kauri kuskure ne da kusan kowane sabon hannu yake yi, don ya saba da fentin ƙofa. Shafi mai kauri ba ya gogewa a hankali, ɓamɓarewa yake yi ɓawo-ɓawo, ɓawon kuma ya tattaru ya toshe wurin. Siriri mai kama jiki ya fi shi rai nesa ba kusa ba. In kana fesawa har ka ga yana gangarowa, ka riga ka wuce gona da iri.

9. Yaya ake shirya ƙarfe kafin a shafa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a rubutun nan, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa. Mafi yawan aikin da ya lalace, ba kayan ne ba su da kyau ba, ƙarfen ne ba a shirya ba. Ana fara wanke maiƙo tas, da ruwan wanke ƙarfe ko tina mai tsabta, ba da kananzir ko man dizal ba, don su kansu suna barin maiƙo. Daga nan sai a harba masa garin alminiyam oksaid mai laushi da iska, ya ɗan yi kaushi yadda shafin zai sami abin kamawa. Ƙarfen da aka goge ya yi sulɓi kamar madubi ba ya riƙe komai.

Mataki na uku ya danganta da irin ƙarfen. Baƙin ƙarfe ana tsoma shi a ruwan fosfet, na manganis ya fi dacewa inda za a yi gogayya. Alminiyam ana yi masa anodayizin, wato a tsoma shi a asid a sa masa lantarki don ya yi fata mai tauri. Sitenles ba ya karɓar fosfet, harbin garin ne gatansa, sannan a wanke shi da asid ɗin da ke cire ɓurɓushin baƙin ƙarfe. Bayan an gama, kada a sake taɓa shi da hannu tsirara, don zufar yatsa kaɗai ta isa ta bar tabo inda shafin zai ɗaga.

Lokaci ma yana da tasiri. Ƙarfen da aka harba wa gari yana iya yin jan tsatsa cikin sa'o'i kaɗan da damina, don haka a shafa shi a ranar. Kuma a tsiyaye ruwan da ke taruwa a tankin kwamfuresa, a sa matata a layin iska. Mutum zai wanke ƙarfe da kyau, sannan ya fesa masa ruwa da baƙin mai daga kwamfuresarsa ba tare da ya sani ba.

10. Na gwangwanin feshi da na gashi a tanda, wanne ya fi?

Na gashi ya fi tauri, ya fi daɗewa, ya fi jure mai da tina. Ƙa'idar SAE AS5272 ta kasa shi: akwai wanda ake gasawa a digiri 150, akwai na 204, kowanne kimanin awa guda, kuma ana fara ƙirgen ne daga lokacin da ƙarfen kansa ya kai wannan zafi, ba iskar tandar ba. Ƙaton ƙarfe yana ɗaukar lokaci kafin zafi ya ratsa shi.

Na gwangwani, irin masu tambarin Molykote da na wasu kamfanoni, yana bushewa da kansa, kuma shi ne abin yi idan kayan sun fi ƙarfin tanda ko gyara ake yi a jikin inji. Ba abin rainawa ba ne, matuƙar an shirya ƙarfen kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 9. A girgiza shi sosai, don garin yana kwanciya a gindi, wanda bai girgiza ba ƙaro da ruwa kawai yake fesawa. Kuma bushewar taɓawa daban, bushewar aiki daban: a ba shi cikakken lokacin da aka rubuta.

11. Gashin ba zai ɓata ƙarfen ba?

Yana iya ɓatawa. Alminiyam mai ƙarfi da aka taurara da wuta a kamfani yana fara sakin taurinsa idan ya daɗe sama da digiri 150, shi ya sa aka yi masa irin shafin da ba ya buƙatar 204. Sifirin da wasu ƙarafan da aka taurara wa baya su ma a bincika. Robobi da sil duk a cire su kafin a shiga tanda.

Wani haɗarin kuma daga wankin asid yake zuwa. Bolti mai tauri sosai, irin mai lamba 12.9 a kansa, yana shan iskar haidirojin a cikin asid, sai a ɗaura shi lafiya ƙalau, bayan kwana ɗaya ko biyu ya tsinke ba gargaɗi. Irin waɗannan ana tsabtace su da harbin gari a maimakon asid, ko a gasa su na sa'o'i nan take bayan wankin don iskar ta fita.

12. Zan ɗaure bolti mai shafi da ƙarfin da na saba?

A'a, kuma a nan ne ake yin asara mai tsada. Idan kana jan sifana, kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinka gogayya ce take cinyewa, a ƙarƙashin kan noti da cikin tiredi. Kashi 10 ɗin da ya rage ne yake miƙar da boltin ya matse kayan. Da zarar shafi ya rage gogayyar, sai rabon ya canja.

Ga lissafi da bolti M20, wato mai kaurin milimita 20, da ake son ya ja kilonutan 100, kusan nauyin tan 10. In busasshen ƙarfe ne mai alƙalamin gogayya 0.20 (lambar da ke nuna yawan gogayyarsa), sifanar awo za ta tsaya a 400 Nm, wato ma'aunin ƙarfin juya sifana. In mai shafi ne da alƙalaminsa ya sauka zuwa 0.12, 240 Nm ya wadatar. Wanda ya manne wa tsohon 400 ɗinsa, ya ɗora wa boltin kusan kilonutan 167 ke nan. Ko boltin ya miƙe, ko gasket ya murƙushe, ko tiredi ya lashe. Ka nemi alƙalamin daga wanda ya yi shafin, kuma kada a gauraya masu shafi da marasa shafi a fulanji ɗaya.

13. An shafa wa bolti, yanzu noti ya ƙi shiga. Me ya faru?

Saboda kusurwar tiredi, duk kaurin da aka ƙara a jikinsa yana ninkuwa huɗu a wajen shiga. Shafin maikiron 20 ya zama 80. In notin ma an shafa masa ciki, an sake ninkawa. Masu yin boltocin bututu sun san haka, shi ya sa suke ɗan buɗe tiredin notin tun a kamfani su sayar da su tare. Kada ka tursasa shi da dogon bututu a kan sifana, don za ka kankare shafin da ka biya kuɗinsa. Kada kuma ka ɗauki notin da aka buɗe wa tiredi ka sa shi a kan bolti marar shafi, zai yi sako-sako. Koma tambaya ta 8 a kan kauri.

14. Me ya sa ake yawan ba da shawararsa ga sitenles?

Sitenles a kan sitenles yana da muguwar ɗabi'a. Kana cikin ɗaurawa sai noti ya cije, ba gaba ba baya, kamar an yi masa walda, dole a yanke. Fatar da ke kare shi daga tsatsa ce take kankarewa a ƙarƙashin matsi, tsirarar ƙarfen biyu su liƙe. Siririn shafin moli ko PTFE a jikin ɗaya daga cikinsu yana raba su. Titaniyam da alminiyam ma haka suke yi. A riƙa ɗaurawa a hankali, injin iska mai gudu yana ƙara zafin da ke kawo cijewar.

15. Tsawon wane lokaci yake yi, kuma yaya zan san ya ƙare?

Da yawan motsi ake ƙirga ransa, ba da watanni ba. A farkon aiki za ka ga ɗan baƙin gari yana fita, wurin da ake gogawa ya koma sheƙi. Wannan ba lalacewa ba ne, falle-fallen ne suke kwanciya, kuma daga nan santsin yake ƙaruwa. Alamar ƙarewa ita ce farin ƙarfe ya leƙo, ko motsi ya soma nauyi da ƙara. In kuwa ɓawo ne yake ɗagowa tun da wuri, laifin shiri ne ko kauri.

Motsin da ba a ƙirga ba shi ma yana ci. Kumbon Galileo da hukumar NASA ta aika duniyar Mushtari ya tashi a watan Oktoba 1989, bayan jinkirin da hatsarin kumbon Challenger na 1986 ya jawo. A shekarun jiran an yi ta jigilarsa a mota tsakanin Kalifoniya da Fulorida. A watan Afrilu 1991 aka umarci babbar eriyarsa ta buɗe kamar laima, sai haƙarƙari 3 daga cikin 18 suka maƙale. Binciken injiniyoyin ya fi karkata ga cewa jijjigar hanya ce ta cinye shafin molin da ke jikin ƙusoshin riƙon tun kumbon yana ƙasa. Eriyar ba ta taɓa buɗewa gaba ɗaya ba, da ƙaramar eriya aka ƙarasa aikin. Kayan gyaran da suke karo da juna a cikin buhu a bayan mota daga Legas zuwa Kano, abin da yake samun su ke nan. A naɗe kowanne daban.

16. Zan iya ƙara mai ko giris a kansa?

Ya danganta da irin shafin. Baƙin shafin da ke gefen fistan na motocin zamani an yi shi ne don ya zauna cikin mai, yana kare fistan a daƙiƙun farko na tayar da inji kafin mai ya hau. Amma na gwangwani da bai shiga tanda ba, man birki ko tina suna iya tausasa shi ya saɓule. Kuma in don gudun ƙura ka zaɓe shi, sa masa giris ya mayar da kai inda ka baro. Wuri ɗaya da ba a wasa: bawul da bututun iskar oksijin. Mai da oksijin gobara ne, kuma ba kowane busasshen shafi ne aka amince da shi a can ba, sai wanda aka gwada musamman.

17. Akwai haɗari ga lafiyar mai aikin?

Ruwan da ke cikinsa yana kama wuta kuma yana bugarwa, saboda haka a fesa a sarari, nesa da mai walda, da takunkumi mai matatar gawayi, ba ƙyalle ba. Kada a yi harbi da yashin rafi don arha: ƙurar yashi tana taruwa a huhu ta kawo ciwon da ba ya warkewa. PTFE idan ya ƙone yana fitar da hayaƙin da ke sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, don haka ba a walda ko yankan gas a kan ƙarfe mai shafin sai an kankare, kuma mai shan taba ya wanke hannu kafin ya kunna. Tsuntsaye ba sa jure wannan hayaƙi ko kaɗan, mai kiwon kaji kusa da shago ya sani. Tandar da aka gasa shafi a ciki kuma ta bar girki ke nan.

Ga masu fitar da kaya Turai: a 2023 ƙasashen Jamus, Holan, Denmak, Nowe da Suwidin suka gabatar da buƙatar taƙaita sinadaran PFAS, masu daɗewa ba sa ruɓewa a muhalli, kuma PTFE yana cikin danginsu. Mai saye na iya tambayar ko shafinka yana ɗauke da shi.

18. In zan ba da aikin a waje, me zan faɗa, kuma yaya zan duba abin da aka kawo?

Rubuta irin ƙarfen da taurinsa, da ƙarfen da zai goga da shi, da zafin wurin, da ruwa ko man da zai taɓa shi. Faɗi sunan shafin ko lambar ƙa'idarsa, da kaurin da kake so, da wuraren da za a rufe kada shafi ya taɓa. Tambayi mai aikin yadda zai shirya ƙarfen da zafin da zai gasa. Wanda ya amsa maka da launi kawai, ka ɗauki kayanka.

Idan an kawo, manna salatif mai ƙarfi ka fizge: ɗan ƙurar baƙi a jikinsa ba komai, amma in ƙarfe ya bayyana, bai kama ba. Jiƙa tsumma da tina ka goga sau da yawa a wuri ɗaya, wanda ya gasu ba zai narke ba. Ana auna kauri da ƙaramar na'urar maganaɗisu a kan baƙin ƙarfe, alminiyam da sitenles kuma suna da tasu. In aikin mai yawa ne, nemi sakamakon gwajin feshin gishiri na ASTM B117 da na gogayya na ASTM D2625, ka kuma sa a haɗo da 'yan guntayen ƙarfe da aka shafa tare da kayan, don a kansu za ka yi gwaje-gwajen ba tare da ka ɓata na aiki ba.